Idan Sabar Ajiya Ce Ta Mutu, Daga Ina Za a Fara? Fashin Baƙi Kan Shirin Farfaɗowa Bayan Bala'i

Duk ma'aikatar da ta dogara da kwamfuta wajen gudanar da harkokinta, banki ce ko asibiti ko jami'a, za ka tarar tana da wata na'ura da aka keɓe domin tattara kwafin bayanan sauran na'urori, galibi cikin dare lokacin da aiki ya lafa. Wannan ita ce sabar ajiya. Idan ma'aikaci ya goge fayil bisa kuskure, ko faifan wata kwamfuta ya lalace, wurinta ake garzayawa a nemo kwafin jiya ko na makon jiya a maido. Da yake ta saba fitar da mutane kunya a irin waɗannan ƙananan matsaloli, sannu a hankali sai kowa ya saki jiki, har a manta cewa ita ma na'ura ce mai faifai da babbar manhaja da kalmar sirri, kuma duk abin da zai iya samun sauran zai iya samunta. Tambayar da ya wajaba duk mai kula da kwamfutocin wata ma'aikata ya amsa a rubuce tun kafin ranar ta zo ita ce, idan gobara ko ambaliya ko 'yan kutse suka haɗa har da sabar ajiyar kanta, da me za a fara, kuma wa zai fara?

Tushen matsalar shi ne ana ɗaukar mallakar kwafi da iya maido da aiki a matsayin abu guda, alhali tsakaninsu akwai tafiya mai nisa. A ƙarshen watan Oktoba na 2023, wasu 'yan kutse da ake kira Rhysida suka afka wa Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, suka kwashi bayanai, suka kulle wasu, sannan suka lalata sabobi da dama don su hana a farfaɗo da wuri. A rahoton da hukumar ɗakin karatun ta fitar a watan Maris na 2024, ta bayyana cewa tana da amintattun kwafi na tarin kayanta na dijital, amma abin da ya ɗaure mata hannu shi ne rashin tsarin na'urorin da za a sauke kwafin a kansu, domin wasu tsofaffin manhajojinta kamfanonin da suka yi su sun daina kula da su, wasu kuma ba za su yi aiki a cikin sabon tsarin tsaron da ake ginawa ba. Haka masu bincike suka yi watanni ba su samun abubuwan da suka saba samu cikin daƙiƙa kaɗan, alhali bayanan suna nan lafiya lau.

Domin a gane inda gizo ke saƙa, sai an leƙa cikin sabar ajiyar an ga abin da take riƙe da shi. Abin da ido ya fi gani shi ne tarin bayanan, amma bayanan nan ba a ajiye suke yadda suke a kwamfutar mai su ba. Manhajojin ajiya na zamani suna daddatsa kowane fayil zuwa ƙananan guntaye, su matse su domin rage girma, su ajiye guntun da ya maimaitu sau ɗaya tak ko da ya bayyana a kwamfutoci ɗari, sannan sau da yawa su kulle komai da mabuɗin sirri. Wanda ya buɗe rumbun kai tsaye ba zai ga takardun albashi ko hotunan marasa lafiya ba, sai miliyoyin guntaye masu sunayen lambobi. Abin da ke mayar da wannan tarkace ya zama fayiloli shi ne kundin da manhajar ke rubutawa, wanda ya san cewa fayil kaza na kwamfuta kaza, kamar yadda yake a daren kaza, yana cikin guntaye kaza a kan faifai ko kaset mai lamba kaza. A manhajar Bacula, alal misali, wannan kundi rumbun bayanai ne na PostgreSQL ko MySQL, a Veeam da NetBackup ma akwai makamancinsa, kuma a mafi yawan wurare yana zaune ne a kan faifan sabar ajiyar kanta. Idan sabar ta ƙone, kundin ya tafi da ita.

Gaskiya ne cewa wasu manhajojin suna da hanyar sake gina kundin ta hanyar karanta kowane kaset daga farko har ƙarshe. Bacula tana da wani kayan aiki mai suna bscan domin wannan. Sai dai lissafin lokacin kaɗai ya isa ya sa mutum ya sake tunani. Kaset samfurin LTO-9 yana ɗaukar terabayit 18 ba tare da matsewa ba, kuma na'urar karanta shi tana gudun kusan megabayit 400 a daƙiƙa guda, wato cikakken kaset ɗaya zai ci awa 12 da rabi kafin a gama karanta shi. Ma'aikatar da ke da kaset 50 da na'urar karatu guda za ta kwashe kusan kwana 26 tana neman sanin abin da take da shi kawai, ba a ma fara maganar maido da komai ba. Saboda haka ne ake ɗaukar kwafin kundin daban bayan an kammala ayyukan ajiya na kowane dare, a fitar da shi daga sabar zuwa wani wuri, tare da ɗan ƙaramin fayil da ke nuna ainihin kaset da wurin da kwafin kundin yake. Wannan ɗan fayil bai kai girman wasiƙa ba, har ana iya aika shi ta imel ko a buga shi a takarda, amma shi ne ke raba aikin yini guda da aikin wata guda.

Mabuɗin sirri kuwa ya fi kundin tsanani, domin shi ba shi da hanyar ratse. Idan an kulle kwafin da tsarin kulle bayanai na AES-256, wanda shi ne aka fi amfani da shi, kuma mabuɗin ya ɓace, to babu injiniya ko kamfanin da zai iya buɗe shi, har da kamfanin da ya yi manhajar. Abin takaici shi ne manhajar kan ajiye mabuɗin a cikin sabar domin kada ta riƙa tambayar kalmar sirri kowane dare, sai shekaru su wuce ba wanda ya taɓa buƙatar tuna ta, wanda ya saita ta ma ya bar aikin. Lamarin ya zama kamar mutumin da ya yanka wa ɗakinsa makulli na biyu don gudun ɓacin rana, sannan ya adana shi cikin akwatin da ke cikin ɗakin. Abin da ya dace shi ne a fitar da mabuɗin da kalmar sirrinsa, a buga a takarda, a rufe a ambulan, a ajiye a sef a wurare biyu da ba gini ɗaya ba, kuma aƙalla mutum biyu su san yadda za su kai gare shi. Tare da ambulan ɗin ya kamata a ajiye fayil ɗin girka manhajar ajiyar na daidai sigar da ake amfani da ita, da lasisinta, da kwafin saitunanta, saboda tsohuwar siga ba lallai ta iya karanta kwafin da sabuwa ta rubuta ba, kuma ranar bala'i ba ranar jiran amsar imel daga kamfanin da ya sayar da lasisi ba ce.

Akwai wani tarko da ya fi waɗannan ɓuya, wato dogaron da na'urori ke yi da juna har su zama zobe. Ana shiga sabar ajiya da sunan mai amfani da ke cikin Active Directory, tsarin da ke tantance ko wane ne wane a kwamfutocin Windows na ma'aikata, alhali kwafin Active Directory ɗin yana cikin sabar ajiyar. Sabar ajiya tana neman sauran na'urori da sunayensu, amma sabar DNS mai fassara sunaye zuwa adireshi tana cikin waɗanda suka mutu. Kalmomin sirri suna cikin wata manhajar adana sirri da ke gudana a kan na'urar da ake ƙoƙarin tayarwa. Ita kanta takardar shirin farfaɗowa, wadda aka ɓata makonni ana rubutawa, tana ajiye a sabar fayiloli da aka kulle. A wasu wuraren ma sabar ajiyar ba ta da jikin kanta, tana zaune ne a matsayin kwamfutar manhaja, wato wadda manhaja ke kwaikwaya, a cikin babbar na'urar da take karewa, a kan rumbun faifai ɗaya da ita. Duk ranar da komai ke aiki ba a ganin wannan zobe, sai ranar da komai ya mutu a lokaci guda.

Kamfanin jiragen ruwa na Maersk, na ƙasar Denmak, ya ɗanɗani wannan a ranar 27 ga Yuni na 2017, lokacin da mugunyar manhajar NotPetya ta bazu daga Yukren ta mamaye kwamfutocinsa a duniya. Shugaban hukumar gudanarwar kamfanin a lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya faɗa a taron Davos na watan Janairun 2018 cewa sai da suka sake girka sabobi 4,000 da kwamfutoci 45,000 da manhajoji 2,500 cikin kwana 10, kuma asarar ta kai tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. Abin da ya fi shafar maganarmu shi ne abin da mujallar Wired ta ruwaito a 2018, cewa kamfanin yana da kwafin yawancin sabobinsa, amma ba shi da na sabobin tantance masu amfani, domin an ɗauka cewa tunda suna da yawa kuma kowace tana kwafar 'yar uwarta, ba za su taɓa mutuwa gaba ɗaya ba. Suka mutu gaba ɗaya, ban da guda ɗaya a ofishin kamfanin da ke Gana, wadda ɗaukewar wutar lantarki ta raba ta da intanet kafin cutar ta iso. Da hannu aka ɗauki bayanan wannan na'ura aka kai Ingila ta jirgin sama, daga nan aka fara gini. Na'urorin da ke kwafar juna nan take suna kare ma'aikata daga mutuwar na'ura guda, amma ɓarna da kuskure ma da wannan saurin suke kwafa.

Ra'ayina a nan ba shi da sassauci: bai kamata sabar ajiya ta kasance ƙarƙashin tsarin tantancewar da take karewa ba. Ta samu nata asusun na daban, da kalmar sirrin da ba a amfani da ita a ko'ina, ta kuma san adireshin muhimman na'urori da lambobinsu ba tare da jiran wata saba ta faɗa mata ba. Wannan yana ƙara wa masu kula da ita ɗan wahala a aikin yau da kullum, amma yana hana ɗan kutsen da ya ƙwace asusun babban mai gudanarwa ya wuce kai tsaye ya goge kwafin, abin da masu garkuwa da bayanai suka mayar da shi matakin farko kafin su kulle komai.

Yanzu sai maganar maido da babbar manhaja, wato Linux ko Windows da ke tafiyar da na'urar, a kan sabon ƙarfe da babu komai a cikinsa. Mutane da yawa suna zaton cewa idan an kwafi dukkan fayilolin faifai, to an kwafi kwamfutar. Ba haka abin yake ba, domin tashin kwamfuta sarƙa ce mai gaɓoɓi, kuma wasu gaɓoɓin ba fayiloli ba ne. Idan aka kunna na'ura, ƙaramar manhajar da ke cikin allon na'urar, BIOS a tsofaffi ko UEFI a sababbi, ita ke fara farkawa. Sai ta duba teburin da ke nuna yadda aka rarraba faifan, MBR ko GPT. A tsohon tsari tana karanta bayit 512 na farkon faifan, a sabon tsari kuma tana neman wani ƙaramin kaso na musamman da aka tsara da FAT32, bisa jerin da aka rubuta a ƙwaƙwalwar allon kansa. Daga nan manhajar tayarwa, GRUB a yawancin Linux ko mai tayar da Windows, za ta ɗora zuciyar babbar manhajar tare da wani ƙaramin ƙunshi mai ɗauke da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa sassan na'ura, waɗanda ake buƙata domin a iya ganin faifan. Teburin rabon faifai, da jerin da ke cikin allo, da tsarin haɗa faifai na RAID ko LVM, da bayanan kulle da tsarin LUKS ke rubutawa a farkon faifai idan an kulle shi, duk ba sa bin kwafin fayiloli na yau da kullum.

Ga yadda abin kan kasance a aikace. Injiniya ya tayar da sabuwar na'ura daga filas, ya rarraba faifan da ka gwargwadon abin da ya tuna, ya tsara kowane kaso, ya kwararo fayilolin daga kwafi, ya cire filas ɗin ya sake kunnawa. Allo ya nuna cewa babu abin da za a tayar, saboda jerin UEFI na tsohon allo bai zo ba. Ya koma filas, ya shiga cikin tsarin da ya maido ta hanyar umarnin chroot na Linux, ya sake girka GRUB. Wannan karon na'urar ta fara tashi, sai ta tsaya cak a rabin hanya, domin fayil ɗin fstab, mai jera kasoshin faifai da za a haɗa, yana neman kowane kaso da lambar shaidarsa ta UUID, kuma tsara faifai da aka yi ya ba kowane kaso sabuwar lamba. Ya gyara lambobin ɗaya bayan ɗaya, ya sake gwadawa, sai ya tarar ƙaramin ƙunshin tayarwa ba shi da direban sabuwar na'urar sarrafa faifai, dole ya sake gina shi da kayan aikin dracut ko makamancinsa. A ƙarshe na'urar ta tashi, amma ba wanda ke iya kai wa gare ta, saboda sunan katin sadarwa ya sauya tare da sauyin ƙarfe, saitunan kuma suna kiran tsohon suna. A Windows irin wannan rashin direba yana bayyana ne da shuɗin allo mai lambar kuskure 0x7B, gyaran manhajar tayarwa kuma da bcdboot ake yi. Kowane mataki a nan ƙarami ne ga wanda ya taɓa yin sa da rana tsaka hankali kwance, amma ga wanda ya fara cin karo da shi ƙarfe uku na dare, shugabanni na kiran waya ba ƙaƙƙautawa, kowane ɗaya zai iya cinye awanni.

Faifan da aka kulle da BitLocker yana da nasa ƙarin sharaɗi. Mabuɗinsa yana ɗaure ne da wani ɗan guntun tsaro da ke kan allon na'urar, wanda ake kira TPM, don haka idan aka kai faifan zuwa wata na'ura, ko aka nemi shiga ta hanyar gyara, sai ya nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48. An ga girman wannan a ranar 19 ga Yuli na 2024, lokacin da wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya hana kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 tashi, bisa ƙiyasin Microsoft. Gyaran bai wuce a shiga na'urar ta yanayin gyara a goge fayil guda ba, amma ma'aikatu da yawa sun tsaya cirko-cirko saboda kowace kwamfuta tana neman lambobin cetonta, lambobin kuma suna ajiye a sabobin da su ma suka ƙi tashi. A wannan rana ba a rasa bayanai ba, ba a buƙaci kwafi ba, hanyar shiga ce ta toshe.

Domin rage wannan wahala aka samar da kayan aiki irin su Relax-and-Recover a Linux, wanda ke rubuta yadda aka rarraba faifai da direbobi da saitunan sadarwa a cikin wani faifan ceto da zai sake gina komai da kansa, da Clonezilla mai ɗaukar hoton faifai, wato kwafinsa baki ɗaya yadda yake, da kuma tsarin ajiya na Windows Server da ke iya maido da na'ura tun daga tushe. Suna da amfani ƙwarai, da sharaɗi biyu. Na farko, a kwashe faifan ceton daga na'urar da aka yi shi dominta. Na biyu, a sabunta shi duk lokacin da aka ƙara faifai ko aka sauya tsarin rabo ko aka ɗaga babbar manhaja zuwa sabuwar siga. Haka kuma hoton na'urar da rumbun bayanai ke aiki a cikinta ba ya amintuwa sai an ɗauke shi ta hanyar da ke sa rumbun ya daidaita rubuce-rubucensa tukuna, kamar yadda tsarin VSS ke yi a Windows, in ba haka ba za a maido da fayilolin da aka kama a tsakiyar rubutu.

A nan masana suka rabu gida biyu. Wasu sun fi son a maido da hoton na'urar dungurungum, domin ya fi sauri kuma yana dawo da duk wani ɗan gyara da aka yi shekaru da suka wuce aka manta ba a rubuta ba. Wasu kuma sun fi son a girka babbar manhaja sabuwa fil, a ɗora saituna daga rubutaccen tsari irin na Ansible, sannan a maido da bayanai kaɗai. Idan faifai ne ya mutu ko gini ya ƙone, hoton yana da fifiko, babu shakka. Idan kuwa kutse ne, to hoton abin tuhuma ne, domin masu garkuwa da bayanai kan yi kwanaki ko makonni suna yawo a cikin tsarin kafin su bayyana kansu, kuma ƙofar da suka buɗe wa kansu tana cikin hoton jiya da na shekaranjiya. Game da sabar ajiya kanta, ina ganin hanya ta biyu ce ta dace a kowane hali. Ita ce na'urar farko da za a tayar, babu wata saba a bayanta da za ta taimaka, don haka dole ginin ta ya zama mai sauƙi, rubutacce daki-daki, wanda zai yiwu da filas na girkawa da ambulan ɗin da aka ambata da kwafin kundi kawai. Duk wani ƙarin aiki da aka ɗora wa wannan na'ura, ƙarin nauyi ne a ranar da za a sake gina ta.

Shirin da ba shi da adadi a cikinsa bai kammala ba. Adadi biyu ne ake buƙata ga kowane muhimmin aiki: yawan bayanan da ma'aikata za ta iya jure rasawa, wanda ake aunawa da lokaci kuma ake kira RPO, da tsawon lokacin da za ta iya jure tsayuwar aikin, wato RTO. Wanda ke ɗaukar kwafi sau ɗaya a dare ya amince ke nan da rasa aikin kusan awa 24. Na biyun ne aka fi yin sakaci da shi, saboda ana auna saurin ɗaukar kwafi, wanda sauye-sauyen yini kawai yake ɗauka, a manta cewa maidowa tana jan komai ne gaba ɗaya. Terabayit 10 a kan layi mai gudun gigabit 1 a daƙiƙa zai ɗauki fiye da awa 22 idan babu wata tangarɗa, a kan layin intanet mai megabit 100 kuwa zai haura kwana 9. Ma'aikatar da kwafinta na nesa ke cikin rumbun intanet kaɗai ya kamata ta yi wannan lissafi tun yau. Kuma tunda ba za a iya maido da komai lokaci guda ba, dole a tsara jeri: hanyar sadarwa, sai agogo da sunaye, sai sabar ajiya, sai tsarin tantancewa, sai rumbunan bayanai, sannan manhajojin aiki. Agogo ba ƙaramin abu ba ne, domin tsarin tantancewa na Kerberos, wanda Active Directory ke dogara da shi, yana ƙin amincewa da na'urar da agogonta ya saɓa da fiye da minti 5. Wane sashe zai riga wane dawowa kuma, wannan hukunci ne na shugabannin ma'aikata, bai kamata a bar wa injiniya shi cikin ruɗani ba.

Game da inda za a ajiye kwafin, tsohuwar ƙa'idar 3-2-1 tana nan daram: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wani wuri mai nisa. Gobarar da ta tashi a cibiyar kamfanin hayar sabobi na OVHcloud da ke Strasbourg a Faransa ranar 10 ga Maris na 2021 ta cinye ginin SBG2 ƙurmus ta kuma taɓa SBG1, kuma wasu abokan hulɗar kamfanin sun gano a ranar cewa kwafin da suke biyan kuɗinsa yana wuri ɗaya da sabobinsu. Nisan ƙasa kaɗai ma bai wadatar ba. A watan Yunin 2014 wani ɗan kutse ya samu shiga asusun da kamfanin Code Spaces ke ajiye bayanansa a rumbun intanet na Amazon, ya goge bayanai da kwafinsu daga allo guda, kamfanin ya rufe har abada. Saboda haka aƙalla kwafi ɗaya ya zama wanda babu asusun da zai iya goge shi, ko dai kaset da aka cire daga na'ura aka ajiye, ko ma'ajiyar da aka kulle ta yadda ba za a iya sauya abin da aka rubuta ba har sai wa'adinsa ya cika.

Duk wannan zato ne har sai an gwada. A ranar 31 ga Janairu na 2017, wani injiniyan kamfanin manhaja na GitLab ya goge kusan gigabayit 300 daga babban rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure. Kamfanin yana da hanyoyin ajiya da kwafi har guda 5, amma babu wadda ta yi aiki yadda aka zata. Kwafin da ake ɗauka da kayan aikin pg_dump ya daɗe yana faɗuwa saboda sigar kayan aikin 9.2 ce alhali rumbun 9.6 ne, saƙonnin gargaɗin da ake aikawa ta imel kuma ana mayar da su ba tare da kowa ya gani ba. Abin da ya cece su shi ne wani hoto da aka ɗauka da hannu kimanin awa 6 kafin lamarin don wani aikin gwaji, kuma sai da aka yi kusan awa 18 ana maidowa, aka rasa bayanan waɗancan awanni. Gwajin da ya cancanci sunansa shi ne a ba wanda bai rubuta shirin ba takardar, da na'ura fanko a kan hanyar sadarwa da aka killace, da ambulan, da kaset ko kwafin nesa, a hana shi taɓa duk wata saba mai rai, a kunna agogo. Duk inda ya tsaya ya yi tambaya, gurbi ne a cikin takardar da ya kamata a cike, lokacin da ya ɗauka kuma shi ne adadin da za a kai wa shugabanni, ko da ya ninka abin da aka yi musu alkawari. A maimaita wannan aƙalla sau ɗaya a shekara, da kuma bayan kowane babban sauyi.

Akwai mataki guda da ya kamata a rubuta da manyan baƙaƙe a cikin takardar, domin yana zuwa ne daidai lokacin da kowa ya fara sakin numfashi. Da zarar an maido da sabar ajiya da kundinta da saitunanta, za ta farka ta ci gaba da bin jadawalinta kamar babu abin da ya faru. Za ta duba agogo ta ga cewa wa'adin wasu tsofaffin kwafi ya cika a kwanakin da ta yi a mace, ta fara share su daga kundi tana sake rubutu a kan kaset ɗinsu, kuma idan dare ya yi za ta ɗauki sabon kwafin na'urorin da ba komai a cikinsu ko waɗanda aka kulle, ta lissafa shi a matsayin na baya-bayan nan, ta tura na ƙwarai zuwa bakin sharewa. Don haka kafin a haɗa ta da hanyar sadarwa, a dakatar da jadawalin ɗaukar kwafi, a kashe sharewa ta atomatik, a tura maɓallin hana rubutu da ke jikin kowane kaset, a kuma haɗa rumbun faifai ta yadda karantawa kawai za a iya yi. Ba za a sake kunna jadawalin ba sai an maido da na'ura ta ƙarshe a jerin, masu aiki da ita sun duba sun tabbatar bayanansu sun cika, sannan a ɗauki cikakken sabon kwafi a kan sabuwar ma'ajiya, a bar tsohuwar yadda take har a kammala binciken abin da ya jawo bala'in.